Ciwon Hanta A Jikin Masu Lafiya

  An umurce ni in yi magana a kan ciwon hanta. To, yau ba zan kai ku asibiti mu duba waɗanda ke kwance ba, gama waɗannan kowa ya san ba su da lafiya. Maganata a kan waɗanda ke tsaye ce, watau manomi a gonarsa, da ɗan kasuwa a rumfarsa, da malami a bisa teburinsa, mutanen da in ka ce musu "Ina gajiya?" su ce "Ba gajiya," gaskiya kuwa suka faɗa maka. Cikin irin waɗannan, mutum nawa ne ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta bai sani ba?

Abin da jama'a suka fi sani shi ne shawara. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki ya mutu, mutum ya ƙi abinci. Amma shawara alama ce kawai, kuma cututtuka da dama su kan kawo ta: zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani, da amosanin jini, da toshewar hanyar matsarmama, da wani mugun zazzaɓi na dabam wanda shi ma Bahaushe ke kira shawara. Ciwon hantan da mu ke magana a kansa waɗansu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, ƙanana ainun, har madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna su. Iri biyar ne, an kuwa raɗa musu suna da baƙaƙen boko: A, B, C, D da E.

Biyu daga cikinsu, A da E, ta baki su ke shiga, a cikin ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. A ƙasashen da ruwan sha mai tsabta ya yi ƙaranci, yara kamar 90 cikin 100 su kan kamu da A tun ba su kai shekara 10 ba, yawancinsu kuwa ko kwanciya ba su yi. Ta zo ta wuce, ba ta zama a jiki, kuma wanda ya yi ta sau ɗaya ba ya sake yi. E ita ma ba ta cika zama ba, amma ta kan ɓarke kamar annoba inda mutane suka cunkushe a kan rijiya guda, kamar yadda aka gani a Difa ta ƙasar Nijar da kuma gabashin Borno a 2017. Mata masu tsohon ciki ta fi yi wa ɓarna, har ta kan kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda ta kwantar. D kuwa 'yar rakiya ce, ba ta rayuwa sai a jikin wanda ke da B. Waɗannan uku na bar su a nan.

Sauran biyun, B da C, su ne masu shiga ta jini su yi kaka-gida. Hanta kuwa mai haƙuri ce ƙwarai. Sai ta yi shekara ashirin ko talatin ana cin ta, tana ta aikinta, ba ta kai ƙara ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin hanta ba a tambayar fuska, sai jini.

Likitoci sun daɗe suna zargin haka tun kafin su sami hanyar tabbatarwa. A 1883, a birnin Bremen na ƙasar Jamus, agana ta ɓulla, aka yi wa ma'aikatan wani wurin ƙera jiragen ruwa lamba, su 1,289. A wancan zamani da ruwan jikin mutane a ke haɗa maganin lamba. Bayan 'yan makonni zuwa wata takwas sai 191 daga cikinsu suka yi shawara, waɗanda aka yi wa lamba da wani kashin magani dabam kuwa ba abin da ya same su. Wani likita mai suna Lürman ya bi diddigi, ya rubuta labarin a 1885, amma bai san abin da ke cikin maganin ba. Sa'an nan a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi wa sojan Amurka allurar rigakafin zazzaɓin shawara. An gauraya maganin da ruwan jinin mutane domin kada ya lalace, an kuwa ɗebi jinin nan daga mutanen da a ido lafiyarsu ƙalau. Soja wajen 50,000 suka kwanta da shawara, kuma binciken da aka yi daga baya, a 1987, ya ƙiyasta waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu sun kai kamar 330,000. Tun a shekarar 1942 ɗin aka daina sa ruwan jinin mutum a cikin wannan magani, saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce na ce allurar rigakafi na kawo ciwon hanta. Abin lura a nan biyu ne. Masu ba da jinin suna ɗauke da cuta ba su sani ba. Kuma cikin sojan da suka kamu, waɗanda ba su kwanta ba sun ninka waɗanda suka kwanta sau biyar da wani abu.

Wanda Allah ya ba sa'ar gano alamar ƙwayar a cikin jini wani likita ne Ba'amurke, Baruch Blumberg, kuma ba ita ya fita nema ba. Shi dai yana tara jinin al'ummomi daga ƙasashe dabam dabam, yana son ya ga yadda jinin wannan ƙabila ya bambanta da na waccan. Yana cikin haka, shi da abokin aikinsa Harvey Alter, sai suka ci karo da wani baƙon abu a jinin wani mutum daga mutanen asali na Ostareliya. Suka buga labarinsa a 1965. Da suka duba sauran jinin da ke ajiye, sai suka ga a Amurka da ƙyar a ke samunsa ga mutum ɗaya cikin dubu, amma a Asiya da Afirka da tsibiran teku yana da yawa, kuma a jikin mutanen da ba su da ciwon kome. Wajen 1967 aka gane ashe wannan abu ɓawon ƙwayar B ne. Shi ne har yau a ke nema in an ɗebi jininka za a yi maka gwaji. Blumberg ya sami kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga watan Yuli, ita ce aka mayar ranar tunawa da ciwon hanta a duniya. Ƙwayar C ta fi wuyar kamuwa, sai a 1989 aka gano ta.

Da gwaji ya samu sai ƙidaya ta yiwu. Ku kuwa ba baƙin ƙidaya ba ne, gama iyayenmu da suka yi aikin En'e a kanta suka tsufa, ƙidayar haraji da ta jangali. Sun san wanda ya zauna a ɗakin malamin dabbobi yana ƙirga shanun da aka kawo magani ba zai taɓa sanin yawan garke ba, sai ya shiga ruga. Haka littafin asibiti ya ke, waɗanda ciwo ya kayar kaɗai ke cikinsa. Kuma tun da ba shi yiwuwa a ɗebi jinin kowa da kowa, sai a yi irin ta mai sayen hatsi, wanda ya kan zura hannu cikin buhu ya ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, ya san abin da buhun ya ƙunsa. Sai dai inda aka zura hannun yana da muhimmanci. An sha yin gwaji ga masu ba da jini a asibiti, amma su yawancinsu samari ne maza. An sha yi ga mata masu zuwa awon ciki, amma su yawancinsu matan gari ne, ta ƙauye ba ta zo ba. Shi ya sa za ku ji wannan ya faɗi adadi, wancan ya faɗi wani, ko wannensu kuwa da gaskiyarsa. Ƙidayar da ta fi inganci ita ce wadda aka bi gida gida, birni da ƙauye.

An yi irin wannan a Nijeriya a 2018. Gwamnatin Tarayya ta aika ma'aikata ko wace jiha domin ƙidayar masu ƙanjamau, aka haɗa da gwajin ciwon hanta. Cikin mutane masu shekara 15 zuwa 64, aka sami 8.1 cikin 100 suna ɗauke da B. Maza sun fi yawa, 10.3 cikin 100, mata kuwa 5.8. C ba ta kai haka ba, 1.1 ce cikin 100. Ƙanjamau, wadda aka fita dominta, wadda kuma kowa ke jin tsoron sunanta, ba ta kai 2 cikin 100 ba.

Bari mu sauke wannan lissafi ƙasa, gama adadi a takarda ba ya taɓa zuciya. Mutum 8 cikin 100 shi ne kamar ɗaya cikin goma sha biyu. Ga maza, ɗaya cikin goma. Ofis mai ma'aikata maza hamsin, a bisa wannan lissafi, ba zai rasa kamar biyar ba. Gundumar da ke da baligai dubu ɗari tana da kamar dubu takwas. Ban ce ko wane gari haka ya ke daidai wa daida ba, wani ya fi, wani bai kai ba. Amma duk wanda ke zaune a nan ya yi musafaha da mai ɗauke da ita a makon nan, in ma ba shi ne mai ita ba. Kuma wannan adadi na waɗanda ƙwayar ke jikinsu ne a lokacin gwaji. In aka ƙirga har da waɗanda ta taɓa shiga jikinsu suka kore ta, ta bar sawu a jini, to, a ƙasashe irin namu su kan wuce 60 cikin 100.

A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 kuma da C. In ka haɗa sun fi mutanen Nijeriya duka yawa. Ba a raba su daidai ba. Yankin Sin da maƙwabtanta na da miliyan 97 na masu B, yankin Afirka na da miliyan 65, amma ƙasashen Amurka ta arewa da ta kudu duka miliyan 5 ne. A Ingila ba su kai ɗaya cikin 100 ba. A wannan shekara ciwon hanta ya kashe mutum miliyan 1.3, watau kamar 3,500 ko wace rana, daidai da abin da tarin fuka ya kashe. Abin da ya fi ba ni tsoro cikin lissafin duka shi ne wannan: cikin masu B, 13 cikin 100 kaɗai aka taɓa gwadawa aka gaya musu. Sauran 87 suna ta harkokinsu.

Watakila wani zai ce, "To, Malam, tun da lafiyarsu ƙalau, ina ruwanmu? Abin da bai dame ka ba, don me za ka dame shi?" Tambaya ce mai kyau, likitoci ma sun yi ta, har suka daɗe suna kiran irin waɗannan mutane masu dako kawai, wai kaya ne a kansu, ba ciwo ba. Amsar ta fito ne daga ma'aikatan gwamnati irinku. A 1975 wani likita mai suna Palmer Beasley ya fara gwada ma'aikatan gwamnatin tsibirin Taiwan. Ya zaɓe su ne don suna da rajista, in ɗayansu ya rasu ana rubuta dalili, ba ya ɓacewa. Ya gwada maza 22,707, duk suna bakin aikinsu. Ya sami 3,454 na ɗauke da ƙwayar B, watau kamar 15 cikin 100. Sa'an nan ya zauna yana jira. Da ya buga sakamakon a 1981, mutum 41 daga cikinsu sun kamu da sankarar hanta. Cikin 41 ɗin nan, 40 daga 'yan ƙalilan ɗin nan ne masu ɗauke da ƙwayar. Mutum ɗaya tak ya fito daga sauran 19,253. Tun daga ran nan gardama ta ƙare.

Kada kuma a wuce gona da iri. Yawancin masu ɗauke da B za su tsufa da ita, wani abu dabam ne zai yi ajalinsu. Amma cikin waɗanda suka kamu tun suna yara, kamar ɗaya cikin huɗu ita za ta kai shi, in ba a kula ba. Ko dai hantar ta ƙeƙashe ta motse, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, a yi aman jini, ko kuwa sankara ta fito. Kuma ta fi kayar da mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, yana da 'ya'ya ƙanana. Dukanmu mun san gidan da magidanci ya rame, cikinsa ya kumbura, cikin 'yan watanni aka kai shi makwanci, sa'an nan bayan shekaru kaɗan ƙanensa ya bi shi da ciwo iri guda. A irin wannan gida maganar sammu ba ta wuyar tashi, a zargi kishiya, ko maƙwabci, ko abokin neman sarauta, zumunci ya lalace. Sau da yawa kuwa abin da ya haɗa wa da ƙanen tun suna goye suka same shi.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa ta yi yawa a nan, ta yi kaɗan a Ingila. Dalilin shi ne shekarun da mutum ke da su sa'ad da ta shige shi. Baligi in ya kamu da B, jikinsa ya kan tashi ya yi yaƙi da ita. Watakila ya yi shawara ya sha wuya, amma fiye da 95 cikin 100 su kan kore ta sarai. Sojan Amurka da na ambata, da aka gwada waɗansunsu bayan shekara arba'in, da ƙyar aka sami wanda ta zauna a jikinsa. Jariri kuwa jikinsa bai san baƙo da ɗan gida ba tukuna. Ba ya yaƙi da ita, ba ya shawara, ba ya ko zazzaɓi, amma 90 cikin 100 ta zauna ke nan. Yaro mai shekara ɗaya zuwa biyar, kamar 30 cikin 100. Saboda haka manyan da aka ƙirga a 2018, yawancinsu ba wani abin kunya suka aikata ba. Waɗansu daga uwa suka samu ran haihuwa. Da yawa kuma, musamman a nan Afirka ta Yamma, a tsakar gida suka samu wurin 'yan'uwansu yara, ta ƙurji da gyambo da ƙazwa da 'yan raunukan wasa, gama ƙwayar na da yawa a jini, kuma ta kan rayu kwana bakwai a busasshen jini a bisa wuƙa ko aska ko reza. Tana kuma bin saduwar miji da mata, da allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, da jinin da aka ƙara ba a gwada ba.

Labarin C ya ɗan bambanta, gama ita ta fi bin allura da ƙarin jini, kuma ko baligi ta shiga, kamar 70 cikin 100 ta kan zauna. Ƙasar Masar ce ta fi ko ina ɗanɗana ta. Daga wajen 1950 zuwa wajen 1980 gwamnatinsu ta yi yaƙi da tsargiya a ƙauyukan bakin Kogin Nilu, aka jera mutane ana yi musu allura da sirinjin gilashi, ba a tafasa shi yadda ya kamata tsakanin mutum da mutum. Niyya mai kyau ce, amma da aka bi gida gida a 2008 sai aka tarar kusan 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 C ta taɓa shigarsu, kamar 10 cikin 100 kuwa tana nan a jikinsu. Abin da Misirawa suka yi daga baya ya cancanci a faɗa. Maganin C ya samu, ƙwayoyi ne a ke sha kamar wata uku, suna kuwa warkar da fiye da 95 cikin 100. Suka yi ciniki aka rage kuɗinsa, suka shiga yin nasu a gida. Sa'an nan daga Oktoba 2018 zuwa Afrilu 2019 suka gwada mutum kusan miliyan 50, lafiyayyu, a dakunan shan magani da ma'aikatu da motocin da ke zagaya ƙauyuka, wanda aka samu da ita aka ba shi magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Masar ce ƙasa ta farko da ta kai matakin zinariya a kan hanyar kawar da C.

B kam har yanzu ba ta da maganin da ke fitar da ita ɗungum. Akwai dai ƙwayoyi, irin su tenofobir, waɗanda ke danne ta su tsare hanta, ana sha ɗaya ko wace rana, sau da yawa har iyakar rai. Kuma ba duk mai ɗauke da ita ke bukatarsu ba, likita ne zai auna ya faɗa. Wanda aka gwada aka samu, a kan sake gwada shi bayan wata shida kafin a ce ta zauna. In ta tabbata, sai ya riƙa zuwa ana duba hantarsa, ya nisanci giya, ya bar shan duk wani jiƙo da aka ce wai yana wanke hanta, gama mai tallarsa bai auna ba, hantar ce kuwa za ta tace shi. Ya kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, don akwai dafi a cikinsu wanda in ya haɗu da ƙwayar B ya kan ninka haɗarin sankara. Wannan kuwa maganar rumbu ce da shanya, ta shafi malaman gona kamar yadda ta shafi malaman asibiti.

Akwai wani abu da na ke roƙon shugabannin ofis musamman. Yanzu gwaji ya yawaita, ana yi wajen ɗaukar aiki, ana yi kafin aure, ana yi in mutum ya je ba ɗan'uwansa jini. Sai a ga wanda aka samu da ita an ware masa kwano da buta, an daina musafaha da shi, wani ma a hana shi aiki ko a fasa ba shi mata. Wannan zalunci ne da rashin sani ya haifa. B ba ta bin kwanon abinci, ba ta bin musafaha ko tari ko sauro, maganar gumi da ta bazu a gari kuwa ba ta da tushe. Uwa mai ita tana iya shayar da ɗanta. Matar da za ta auri mai ita, in an gwada ta ba ta da ita, allura uku ce a cikin wata shida, ta tsira. Kuma ku tuna da lissafinmu. In za a kori mai B daga aiki, ɗaya cikin goma na maza za a kora, wanda zai sa hannu a takardar korar ma ba a gwada shi ba. Duk ran da aka wulakanta mutum ɗaya don an san yana da ita, mutum ɗari sun ƙudura ba za su yarda a gwada su ba.

Wanzamai kuma a ja su a jiki, kada a tsangwame su. Aski da kaciya da ƙaho da cire belu da yankan farce duk aikin jini ne, kaɗan ko mai yawa. Da yawansu sun riga sun koma sabuwar reza ga ko wane kai. Sauran kuwa Sarkin Aska ya fi malamin tsabta iya gaya musu, shi kuma maganar Hakimi ya ke ji. Goge aska a tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe wannan ƙwaya, sai an wanke ta tas an tafasa.

Na bar babban al'amari a ƙarshe, watau rigakafi. An fara samun allurar B a 1981, abin mamaki kuwa daga jinin lafiyayyun nan masu ɗauke da ita aka fara tace ta. Daga 1986 aka koma yin ta da yisti, ba jinin kowa a ciki. Taiwan, inda Beasley ya yi ƙidayarsa, ta fara yi wa jarirai a 1984. A shekarar nan yara 9.8 cikin 100 a birnin Taipei na ɗauke da ƙwayar. Da aka sake gwada yaran birnin a 1999, sai aka sami 0.7 cikin 100, sankarar hanta ga yara ma ta ragu da kamar rabi. Gambiya ta fara nata a 1986, ta kuwa ga irin wannan amfani. Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004. Watau duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, in ba shi ya je ya nema da kansa ba, ba a yi masa ba, kusan duk wanda aka ƙirga a 2018 kuwa kafin nan aka haife shi.

Jariri ya kan sami ta farko ran haihuwa, sauran uku kuma a mako na 6 da na 10 da na 14, a haɗe da rigakafin waɗansu cututtuka. Ta farkon nan ita ce mai tare abin da ke zuwa daga uwa, kuma ƙarfinta a cikin awa 24 na farko ya ke, ko wace rana da aka ƙara yana raguwa. A nan ne mu ke da rauni. Lissafin 2022 ya nuna a yankin Afirka jarirai 18 cikin 100 kaɗai ke samun ta a kan lokaci, alhali kuwa 63 cikin 100 na sababbin kamuwa da B a duniya a wannan yanki su ke. Dalili ba ɓoyayye ba ne. A 2018 haihuwa 39 cikin 100 ce aka yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kamar 16. Sauran a ɗaki aka yi su, kuma bisa al'ada ba a cika fita da jariri ba sai bayan suna, wata ma sai ta gama wanka. Malamin asibiti yana zaune da maganinsa a cikin sanyi, bai san an haihu ba.

Amma akwai waɗanda suka sani. Ungozoma ta sani tun kafin a yanke cibiya. Mai unguwa ya kan ji kafin azahar, gama ba a raba goron suna bai sani ba. Dagaci kuwa mai unguwa na gabansa kusan kullum. Abin da a ke bukata shi ne labarin da zai kai kwana bakwai kafin ya isa asibiti ya isa a yinin da aka haihu, ko dai kaka ta naɗe jaririn ta kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, ko kuwa a kira malamin ya zo gidan da akwatinsa. Ba sai mai jego ta fita ba. Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati, a cinya a ke yin ta, kuma ana rubuta ranar a katin yaro. Wanda ya wuce yini ɗaya bai samu ba, kada a ce ya makara a zauna, a kai shi washegari.